Yadda ake shirya Idin Bukkoki tare da yara a majami'a

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ajin yara a wata ƙaramar majami'ar Yahudawa da ke gefen Abuja, kuma duk shekara aikin Idin Bukkoki a kaina yake sauka. A Ibrananci sunansa Sukkot, rumfar da ake kafawa kuma sukka. Na rubuta wannan ne domin wanda aka ɗora wa aikin karon farko. Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada manya su gama komai su kira yara kallo. Yaron da ya ɗauko kara da kansa ya miƙa wa mai hawa tsani ba ya bukatar a roƙe shi ya zo ya ci abinci a rumfar.

Idin yana farawa ranar 15 ga Tishri, wata ne a kalandar Yahudawa, kwana biyar bayan azumin Yom Kippur, yana kuma ɗaukar kwana bakwai. Tun da rana a lissafin Yahudawa daga faɗuwar rana take somawa, a 2026 shigar idin ta kama yammacin Juma'a 25 ga Satumba. Littafin Firistoci sura 23 ya umarci Isra'ilawa su zauna a bukkoki kwana bakwai don tunawa da zaman jeji bayan fitowa daga Masar, Littafin Fitowa kuma ya kira shi idin tattara amfanin gona. A nan ya dace da kakarmu: an fara yankan gero, masara ta bushe, kara yana ko'ina.

Kayan da za ka tanada

Na gini: gora ko katako takwas masu tsawon mita biyu da rabi don ginshiƙai, wasu goma sha biyu na gicciye, zana ko falanki don bango, igiyar rama mai yawa, ƙusa da guduma, zarto, adda, dagi, tsani biyu, da tef ɗin awo. Na rufi: dami goma zuwa goma sha biyar na karan gero ko na masara, ko gwangwala, ko ganyen dabino ko na giginya. Wannan lissafin na rumfa ce mai mita uku da shida, wadda ke ɗaukar mutum ashirin a kan benci.

Na ado: kwali, takarda mai launi, gam, almakashi marar tsini, zare, fensir mai launi, farar leda ta rufe zane, da amfanin gona irin su zangarniyar gero, masara, duma, busasshen barkono da lemo.

Na ibada: tsirrai huɗu, wato etrog ɗaya, lulav ɗaya, hadas uku, arava biyu; kyandirori har da mai cin kwana biyu; ruwan inabi na kiddush, wato addu'ar tsarkake ranar idi; burodin halla da zuma; littattafan addu'a. Ka ƙara fitila mai caji, bokitin yashi, da gidan sauro in za a kwana.

1. Wata guda kafin idi: aika a kawo tsirrai huɗu

Wannan ne abin da ba ya jira. Lulav sabon tofon dabino ne da bai buɗe ba, ana samunsa wurin masu dabino a arewa, a duba dai ganyen tsakiya bai tsage ba. Sauran ukun su ne wahala. Etrog ɗan itace ne dangin lemo, ya fi lemon tsami girma, fatarsa da kurji-kurji, ƙamshinsa yana cika ɗaki. Daga Isra'ila, Maroko ko yankin Kalabriya na Italiya ake kawo shi. Hadas reshe ne mai ƙananan ganye da ke fitowa uku-uku a gaɓa ɗaya. Arava reshen wani itace ne na bakin rafi mai dogon ganye da jan kara. Mu kan haɗa kuɗi tun kafin sabuwar shekara, Rosh Hashana, mu ba wani matafiyi sautu.

In kuɗi bai kai kowane gida ya samu nasa ba, saiti ɗaya ya ishi majami'a, a riƙa karɓa-karɓa. Abin da ba a yi shi ne musanya. Lemon tsami ba ya tsaya wa etrog, ganyen turare kuma ba arava ba ne ko da sun yi kama. In ɗaya daga cikin huɗun ya rasa, ana riƙe waɗanda aka samu don tunawa, ba tare da karanta albarka ba. Da sun iso, ka naɗe hadas da arava a jiƙaƙƙen tawul ka sa a firji, don arava kwana biyu kawai take yi a zafinmu ta yi baƙi.

2. Zaɓi wuri, ka ɗaga kai sama

Dole rumfar ta kasance ƙarƙashin sararin sama kai tsaye. Shekarata ta biyu mun kafa tamu a gindin mangwaro saboda inuwa, mun gama ɗaure komai, sai malaminmu ya zo ya nuna mana rassan da suka rufe rabinta. Ranar jajibiri muka kwance muka matsar da ita taku goma. Ka tsaya a tsakiyar filin ka duba: ba reshe, ba leɓen kwano, ba baranda. Ka kuma zaɓi tudu-tudu inda ruwa ba ya kwanciya, kusa da madafa, don masu ɗauko abinci kada su sha wahala.

3. Kafa ginshiƙai da bango

Al'ada ce a fara aikin a daren da aka sha ruwan Yom Kippur, ko da ginshiƙi ɗaya ne a kafa. Kwana huɗu ne a tsakani, in Asabar ta faɗo ciki sun zama uku, don haka a raba aiki tun da wuri.

Ka haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ga kowane ginshiƙi, ka daddale da duwatsu. Ka ɗaure na gicciye a sama, a tsakiya, da ƙasa. Bango uku ake bukata, na huɗu a bar shi ƙofa. Ana awon rumfa da tefah, wato faɗin tafin hannu, santimita takwas zuwa goma. Tsayin bango kada ya gaza tefah goma, mu ce mita ɗaya don a fita shakka, rufin kuma kada ya wuce kamu ashirin daga ƙasa, wanda ba mai kaiwa can. Kuskuren da na fi gani biyu ne. Na farko, barin gibi a ƙasan bango: in ya kai tefah uku, kusan santimita 24, bangon bai ƙirgu ba. Na biyu, bangon da iska ke kaɗawa. Masu sa zanen gado ko tamfol su kan faɗa wannan. Zana ta fi, in an ɗaure ta tamau a wuri uku. In zanen ne kawai kake da shi, ka jera gora a kwance daga ƙasa har tsayin mita ɗaya, tsakanin kowace da 'yar'uwarta bai kai santimita 24 ba, sai goran su zama su ne bangon, zanen ya zama sutura. Bangon gida ko katanga ma yana shiga lissafi, kana iya jingina rumfar da shi ka rage aiki.

Yara masu shekara goma zuwa sama su riƙe tef, su miƙa igiya, su koyi ƙulli. Adda da zarto na manya ne.

4. Rufi

Nan ne zuciyar aikin, sunansa sekak. Sharaɗinsa: abin da ya tsiro daga ƙasa, aka yanke shi, kuma ba a mayar da shi kayan amfani ba. Kara, gwangwala, gora da ganyen dabino duk sun yi. Kwano, leda, tamfol da ƙarfe ba su yi ba. Tabarmar da aka saƙa don zama ko kwanciya ba ta yi ba, haka ƙafar tsohuwar kujera. Katako mai faɗin tefah huɗu shi ma a bar shi, don ya yi kama da rufin ɗaki. Asabari da zana akwai magana a kansu gwargwadon dalilin saƙa su da abin da aka saƙa su da shi, ka kai wa malaminku ya gani kafin ka saya.

Sai bango ya tsaya ake ɗora rufi, ba a juya tsarin. Ka shimfiɗa gora a kan bango tsakaninsu rabin mita, sannan a jera kara a kansu. Ka kwance damin tukuna, ba a ɗora shi a ɗaure. Ka cire zangarniya da masarar da ta rage a jiki, ka ajiye su don ado. Kafin yara su taɓa, manya su baza karan a rana su kakkaɓe sosai: mun taɓa samun kunama biyu a dami ɗaya.

Daga nan sai a jera yara layi tun daga inda karan yake har gindin tsani, kowa yana miƙa wa na gabansa. Ɗan shekara uku ma yana iya ɗaukar kara biyu. Ni wannan sa'ar ce na fi so a duk shekara, kuma ita ce yaran ke ba da labarinta har watanni.

Yawan rufin: inuwa ta fi rana yawa, amma kada ya toshe har ruwan sama ya kasa shiga, kuma an fi so a iya hango taurari ta tsakaninsa. Ka gwada da tsakar rana, ka dubi ƙasa. In hasken ya yi daidai da inuwar ko ya fi ta, ƙara kara. Kada a bar ramin da ya kai santimita 24, ko a tsakiya ko tsakanin rufi da bango. In ganye ɗanye ka sa, ka ninka, don kafin kwana uku zai yanƙwane ya buɗe. Ba a buga wa rufi ƙusa. Don iskar ƙarshen damina, ka ɗora gora masu nauyi a kansa, ka ɗaure bakin goran da ginshiƙai.

5. Ranar ado

Ka ware yammaci guda, kwana biyu kafin idi. Ka raba yaran gida uku. Ƙanana su yi sarƙar takarda, su shafa launi. 'Yan tsakiya su zana amfanin ƙasar Isra'ila guda bakwai da Maimaitawar Shari'a sura 8 ta lissafa: alkama, sha'ir, inabi, ɓaure, rumman, zaitun da dabino. Manya su rubuta sunayen baƙi bakwai da ake kira ushpizin, waɗanda ake gayyata dare-dare: Ibrahim, Ishaku, Yakubu, Musa, Haruna, Yusufu da Dawuda. Kowane zane a rubuta sunan mai shi, a sa shi a leda saboda ruwa.

Ka rataya komai, har wanda bai yi kyau a idonka ba. Wata shekara wata uwa ta sauke zanen yara ta maye da furannin roba na kasuwa don ana sa ran baƙi. Rumfar ta yi kyau, amma yarinya ɗaya ta shigo tana neman rummaninta ba ta gani ba, ba ta ƙara shiga da son ranta ba har idin ya wuce. Tun daga ranar na kafa doka: zanen yara a bango daidai tsayin idonsu, na manya a sama.

Abin da aka rataya a rufi ya tsaya kusa da shi, cikin tefah huɗu. Ka gaya wa yara tun farko cewa lemon da aka rataya ba a cinsa sai idi ya ƙare, ka kuma ajiye musu wani a kwando. Ɗanyen 'ya'yan itace yana jawo ƙuda da jemage, shi ya sa na fi son masara, duma da zangarniya.

6. Jajibiri

A Isra'ila ranar farko ce kawai ta hutu, a wajenta har da nan kwana biyu ne. A cikinsu ba rubutu, ba yanka takarda, ba ɗaure rufi, ba kunna wuta ko kashe ta. Ana iya girki daga wutar da take ci tun kafin faɗuwar rana, amfanin kyandir mai kwana biyu ke nan. In ranar ta faɗo Asabar, kamar ranar farko a 2026, girkin ma babu, sai a dafa tun Juma'a. Saboda haka duk wasan da za ka yi da yara a kwanakin nan ya zama na baki da jiki: waƙa, labari, kacici-kacici.

Ka kunna fitilu kafin rana ta faɗi. Kyandir da busasshen kara ba sa ga maciji: a sa su cikin gilashi a kan tebur, nesa da bango, bokitin yashi a kusa, in iska ta yi yawa a kunna su cikin gida. Ka ɗaure lulav tun yau da ganyensa: ƙashin bayansa yana fuskantarka, hadas uku a dama, arava biyu a hagu, hadas ya ɗan fi tsayi.

7. Daren farko

Bayan addu'ar yamma sai a jira taurari su fito, a shiga rumfa. Mai kiddush ya karanta albarkar ruwan inabi da ta ranar, sannan ta zama a rumfa, leshev basukka, sannan sheheheyanu, godiya ga Allah da Ya raya mu Ya kawo mu wannan lokaci. A wanke hannu, a gutsura halla a tsoma a zuma. Kowane baligi ya ci burodi aƙalla gwargwadon ɗan zaitun a cikin rumfar. Ka koya wa yara ma'anar albarkar da harshen da suke ji: Albarka ta tabbata gare Ka, Ubangiji Allahnmu, Sarkin duniya, da Ka tsarkake mu da dokokinKa, Ka umarce mu mu zauna a rumfa.

Yara su ci da wuri kafin addu'a, wani abu mai sauƙi, in ba haka ba kuka zai cinye kiddush. In kowane gida zai kawo tukunya, ku yanke tun farko ko na nama ne ko na madara, kada a haɗa. In rumfar ta yi kaɗan, a ci rukuni-rukuni, masu ƙananan yara da tsofaffi su fara.

Ruwan sama zai zo, domin damina ba ta gama sallama ba. A sauran kwanaki, in ruwa ya kai ya ɓata miya, a koma ɗaki ba laifi, don ba a umarci kowa ya zauna cikin wahala ba. Daren farko ne ake ɗan jira ko zai tsaya. In ya ƙi, a yi kiddush a ci ɗan burodin a rumfa ba tare da albarkar zama ba, a ƙarasa a ciki. Kana iya ajiye tamfol ka rufe don kare benci, amma muddin yana sama rumfar ba ta ƙirgu ba, sai an yaye.

8. Kaɗa lulav da safe

Ba a yi ranar Asabar, kuma ba a yi da dare. Lulav a hannun dama, etrog a hagu da ɗan tsininsa, pitom, yana kallon ƙasa. A karanta albarkar ɗaukar lulav, al netilat lulav, a karon farko a ƙara sheheheyanu, sai a juya etrog tsinin ya koma sama, a haɗa hannu biyu, a kaɗa sau uku-uku zuwa kusurwa huɗu da sama da ƙasa. Jerin kusurwoyin ya bambanta tsakanin Ashkenazawa da Sefardawa, manyan rukunan Yahudawa biyu, ka bi na majami'arku. Ana sake kaɗawa a lokacin Hallel, Zabura 113 zuwa 118, sannan a zaga da su sau ɗaya ana roƙon hoshana, wato addu'ar neman ceto.

A ranar farko dole tsirran su zama mallakar mai kaɗawa, don haka mai saiti yakan ba na kusa da shi kyauta bisa sharaɗin ya mayar. Yaro kuwa a shari'a yana iya karɓar kyauta amma ba ya iya bayarwa, saboda haka manya su gama kaf kafin a miƙa wa yara, kuma a ba su aro. Mishna, tsohon littafin dokokin malaman Yahudawa, ta ce yaron da ya iya kaɗawa ya isa a koya masa. Na kan yi musu gwaji tun mako guda kafin idi da ganyen dabino da lemo, amma ina gaya musu a fili cewa na koyo ne. Ranar gaske su tsaya a kan tabarma mai laushi, babba ya tallafi hannunsu, domin in etrog ya faɗi pitom ya karye, ya lalace ga ranar farko, wani kuma ba ya samuwa a kasuwa.

9. Kwanakin tsakiya

Daga rana ta uku an sassauta, ana iya hawa mota da kunna wuta, in ba Asabar ba ce. Kowane dare yaro ɗaya ya shigo a matsayin baƙon ranar, ya ba da alamu uku, sauran su canka ko wane ne. Wata rana a zaga gidajen da suka kafa tasu rumfar, a ci ɗan abu a kowace. Mu kan kai yaran gonar wani ɗan majami'a su ga yankan gero, su ɗebo rabon da za a kai wa mabukata, don Maimaitawar Shari'a sura 16 ta sa baƙo da maraya da gwauruwa cikin murnar idin. Maƙwabtanmu Musulmi da Kirista su ma muna gayyatarsu shan shayi a rumfa, yaran ne ke yi musu bayani.

Dare ɗaya a yi kiɗa da rawa don tunawa da bikin ɗibar ruwa daga tafkin Siluwam da ake yi a zamanin Haikali a Urushalima. Masu son kwana a rumfa su kwana a gidan sauro, da iyaye biyu a farke bi da bi. Yaron da ke zazzaɓi ko mura ya kwana a gida.

10. Kwanakin ƙarshe da kwance rumfa

Rana ta bakwai ita ce Hoshana Rabba: zagaye bakwai, sannan a buga damin arava biyar a ƙasa. In arava ta yi ƙaranci, dami ɗaya ya zaga hannu-hannu. Kashegari Shemini Atzeret, idi na daban da ke manne da Sukkot, hutu ne kuma, ranar da ake fara roƙon ruwa. Yara kan tambaya don me ake roƙon ruwa alhali damina na tafiya. Amsar ita ce a ƙasar Isra'ila lokacin ne ake jiran ruwan fari. Rana ta tara a wajen Isra'ila ita ce Simhat Tora, wato murnar Attaura, a karanta ƙarshen Maimaitawar Shari'a a koma farkon Farawa, a zaga sau bakwai da naɗaɗɗun littattafan Attaura ana rawa. Tutocin da yara za su riƙe a yi su tun kwanakin tsakiya, sandunansu marasa tsini. A ƙarshe a tara su duka ƙarƙashin babban mayafin addu'a a karanta musu albarka, a raba alewa.

Bayan idi ya fita ake kwance rumfa. Ka mayar wa kowane yaro zanensa. Ka sa wa ginshiƙai lamba da fenti don baɗi, ka jingine su a inuwa a kan duwatsu saboda gara. Karan rufi ba a zubar da shi a bola ko a tattake shi. Mu kan ɗaure shi tare da lulav mu ajiye a rumbu, mu ƙona ragowar gurasa mai yisti da shi a jajibirin Idin Ƙetarewa. Etrog kuma a soka masa kanumfari ko'ina a bar shi ya bushe, yara su riƙa shinshina shi a addu'ar fitar Asabar.